Kwalbar da Na Bari Ta Daɗe

Legas, 9 ga Afrilu, 1974

Salome, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, inuwar da nake komawa in rana ta ƙwalle,

Wasiƙar yayanki Filibus ta iso ni jiya. Ya ce kin cire zoben alkawarinmu kin damƙa wa Mamata, kin ce kin gaji da jiran mutumin da teku ta riƙe. Wayyo Salome!

Kin tuna ranar da muka gangara rafin Kontagora, kika kwance kallabinki kika tace mana ruwan sha don gudun kurkunu? Na nuna miki 'yan ɗige-ɗigen da ke motsi a kan ƙyallen, kika yi dariya har da riƙe ciki, kika ce ni kaɗai ne zan tsaya kallon datti ina murmushi. To, danginsu na teku ne suka tsare ni a nan shekara uku.

Aikina auna cinsu. Suna tace ruwa ne su ci gansakukar ciki. Nakan zuba su a kwalba, in ƙirga abincin yau a madubin ƙara girman abu, in sake ƙirgawa gobe, giɓin shi ne cinsu. Amma in ka bar kwalba ta daɗe, abinci ya ƙare, sai su daina tacewa su yi lamo, lissafi kuma ya ce maka ai ba su da ci. Alhali yunwa ce. Sau nawa na ja kunnen sababbin ma'aikata a kan wannan?

Ga shi ni na tafka wannan kuskuren a kanki. Wasiƙunki suka koma layi uku, kika daina tambayar yaushe zan zo, ni kuwa ina yabonki a gaban abokai, wai Salome mai haƙuri ce, ba ta neman komai. Har na sa hannu a ƙarin shekara ban shawarce ki ba. Wane irin makaho ne ni? Kunya nake ji, tsoro kuma ya fi kunyar.

Yau da safe na miƙa takardar barin aiki. Asabar zan sauka a tasha, in zo in tsaya a ƙofar gidanku. Kallabin nan yana wurina har yau. In kin karɓe shi kin juya, ba zan ga laifinki ba, amma ki sani ba zan ba wata zoben nan ba.

Naki har ƙasa ta rufe idona,
Ɗantani