Baba na Ƙarfe Bakwai

Talata, 5 ga Mayu

Baba ya rasu ranar Asabar. Na rubuta ne in ga ko zan ji wani abu. Ban ji ba.

Mutane sun ragu. Na wanke kofuna, na sake wanke su. Ɗakinsa a rufe yake, makullin yana kan firji.

Alhamis, 7 ga Mayu

Ƙarfe bakwai na safe waya ta yi ƙara: an wallafa rubutunki. Sam na manta da shafin.

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye na bar aikin kantin magani, na zauna jinya, na buɗe shafi a intanet ina rubuta yadda muke fama. Da farko ni kaɗai nake karanta kayana. Sai na shiga ajin wani mai koyar da harkar, ni nake ce masa Malam Dabara, don bakinsa ba ya rabo da kalmar. Shi ya ce mai karatu kamar kaza yake, in ka saba watsa masa tsaba a lokaci ɗaya kullum, da kansa zai riƙa zuwa. Kada ki taɓa fashi. Ki rubuta na makonni a gaba ki jera su a layi, na'ura ta riƙa saki ko kina barci.

Na bi. Masu karatu suka taru, talla ta shigo, da ita nake biyan haya. To ga shi layin yana ta tafiya abinsa tun ranar Asabar, ba wanda ya gaya masa.

Na yau: "Baba ya riƙe cokali da kansa." A watan jiya aka yi wannan. Sharhi ya cika ƙasa, Allah ya ƙara sauƙi, a gai da Baba. Na danna musu alamar so ɗaya bayan ɗaya. Malam Dabara ya ce awar farko ita ce kasuwa.

Asabar, 9 ga Mayu

Ban tsayar da layin ba.

Litinin, 11 ga Mayu

Yanzu kafin bakwai nake tashi. In dafa shayi, in zauna a kujerar kicin, in jira. Na manta yawancin abin da na rubuta, don haka kamar labari ake kawo min. Yau wai Baba ya yi faɗa da mai gashin ƙashi, ya ce masa shi fa direban bas ne, shekarunsa nawa yana taka birki, ba yaro ne zai koya masa ɗaga ƙafa ba. Na tuna ranar. Na tuna har yadda miyau ya zubo masa a gefen baki yana faɗan, wannan ban saka a shafi ba.

Ya san da shafin. In ya gan ni da kwamfuta a cinya sai ya ce, "Uwata, yau ma kin sayar da ni?" In ce e. Ya ce, "Nawa suka taya?"

Ba ƙarya nake yi ba. Duk abin da ke fita ya faru. Makara kawai yake yi.

Juma'a, 15 ga Mayu

Yaya ya zo. Bai zauna ba. Matarsa ce ta nuna masa shafin.

"Wai Baba ya yi dariya jiya? Wane Baban?"

Na ce tsohon rubutu ne, da kansa yake fita.

"To ki kashe shi mana. In dangi suka gani fa? Ki ji tsoron Allah, mutum yana kabari kina talla da shi."

Na ce da me zan biya haya. Ya kawar da kai, don ya san rabonsa da kawo ko sabulu an daɗe. Ban faɗa don haya ba, na faɗa ne don na san nan ne zai yi shiru. Da zai tafi ya tsaya a ƙofar ɗakin Baba, ya taɓa mariƙin, ya fasa. Ya ce in ci abinci, wai na rame.

Ban ji haushinsa ba. Da ma na ji.

Lahadi, 17 ga Mayu

Akwai wata mai karatu, Matar Tela take kiran kanta. Mijinta irin ciwon Baba ne, hannun da yake riƙe almakashi shi ya tafi. Kullum ita ce ta farko a sharhi. Rubutunta ba waƙafi ba aya, da ganin sa da hannu ɗaya take yi, ɗayan yana kan wani aiki. Yau ta ce duk safiya takan karanta masa labarin Baba, in ya ƙi motsa jiki sai ta ce masa, tsoho ma ya yi balle kai.

Na amsa mata: Allah ya ba shi lafiya. Na sa alamar fure.

Laraba, 20 ga Mayu

Ajin Malam Dabara ta waya. Na kunna na ajiye a kan tebur ina yanka albasa. Darasin yau: kada ka dogara da talla kaɗai, kamfani ɗaya da ya yarda da kai ya fi baƙi dubu masu wucewa. Ka tara adireshin masu karatunka, su ne jarinka. Kanun rubutu ya zama alkawari, cikinsa ya cika alkawarin. Ka rufe da tambaya, mutane suna son a tambaye su. Duk gaskiya ne, na gwada na gani.

Har da ni ya yi misali. "Ku dubi 'yar'uwarmu mai jinya, ko rana ɗaya ba ta taɓa fashi ba." Aka yi ta turo alamar tafi.

Kamfanin da ke talla a shafin, masu kujerun marasa lafiya, sun aiko saƙo. Suna so su sabunta yarjejeniya, za su turo sabuwar kujera kyauta, in ɗauki Baba hoto a kai. Ban amsa ba.

Asabar, 23 ga Mayu

Layin ya ƙare yau. Na ƙarshe a kan aski ne, ranar da na yanke shi a haɓa ya ce gara bas ta taka shi.

Gobe babu komai.

Litinin, 25 ga Mayu

Na rubuta na jiya da kaina. Ƙirƙira na yi. Na zaunar da Baba a bakin taga, na sa rana a fuskarsa, na sa ya ce min ciwo baƙo ne, haƙuri shi ne mai gida. Ban sha wahala ba, hannu ya saba.

Ba a taɓa karanta wani rubutu nawa kamar wannan ba. Ana ta yaɗawa. Malam Dabara ya turo saƙon murya, wai yanzu na gano muryata, in riƙe wannan salon.

Baba bai taɓa faɗin irin wannan magana ba. Da ya zauna a bakin taga cewa zai yi labulen ya yi datti. Bai yi haƙuri da ciwon nan ba ko na minti ɗaya, zagin sa yake yi safe da yamma kamar yaron mota. Wannan na bakin taga ban san shi ba. Amma shi suka fi so.

Na karanta sau da yawa. Kamar na shigo gida na tarar da wani sanye da rigar Baba.

Talata, 26 ga Mayu

Matar Tela ta rubuto ta akwatin sirri. Mijinta kwana biyu ya daina cin abinci, ya juya fuska bango. Da ta karanta masa na bakin taga sai ya juyo. Ya ce yana so ya gai da Baba ta waya, ko kalma ɗaya ce. "Don Allah 'yar'uwa ko sallama ce su yi ya ji muryarsa."

Na ajiye wayar a kan firji. Na share kicin. Na share falo. Na fita na tsaya a bakin titi, motoci suna wucewa, mai gyaran taya yana ta bugun ƙarfe. Na dawo, saƙon yana nan.

Alhamis, 28 ga Mayu

Na rubuta. Gajere. Baba ya rasu farkon watan nan. Abin da kuka karanta tun daga ranar tsohon rubutu ne, ya faru, amma kafin. Na ranar Lahadi bai faru ba, ni na ƙirƙira. Ban rufe da tambaya ba.

Ban jera shi a layi ba, nan take na saki, da tsakar rana, lokacin da Malam Dabara ya ce ba mai karatu. Ashe akwai.

Kamfanin kujera sun yi ta'aziyya cikin ladabi, sun ce za su dakata tukuna. Wasu sun yi addu'a, wasu sun ce na yaudare su, sun fita. Ba su yi ƙarya ba. Yaya ya kira, ya ce haya shi zai ji da ta wannan watan. Na ce to.

Matar Tela ba ta ce komai ba.

Litinin, 1 ga Yuni

Ba wani abu. Na sayi gishiri. An gyara famfo.

Matar Tela ta rubuto da safe. Ba ta yi ta'aziyya ba, ba ta zage ni ba. Ta ce ba ta gaya wa mijinta ba tukuna, ba ta san ta ina za ta fara ba. Sai ta ce bayanta yana ciwo, yaya nake ɗaga Baba daga gado zuwa kujera ni kaɗai, wane hannu ke shiga ina.

Na fara rubuta amsa, na kasa tuna ko dama ce ko hagu. Abin da na saba yi kullum. Sai na ɗauki makulli na buɗe ɗakin, don in gwada kawai in rubuta daidai. Na tsaya a gefen gadon, na lanƙwasa gwiwa, na tura hannun dama ƙarƙashin kafaɗa, hagu a ƙugu. Na ce bisimilla Baba, na ɗaga.

Na sa ƙarfin da na saba sawa. Ba komai a hannun, sai na tafi da baya na zauna a ƙasa.

Na daɗe a wurin. Maƙwabciya ta ƙwanƙwasa, wai ta ji murya, ko lafiya. Na ce mura ce.

Da yamma na aika wa Matar Tela amsa. Dama ce a kafaɗa. Na ce ta riƙa yi masa magana kafin ta ɗaga, kada ya firgita. Na ce in ta shirya gaya masa ta kira ni, ni zan faɗa.