Wa Zai Raba Baba da Na'urarsa?

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Inna na nan da ciwon gwiwarta da faɗanta. Baba kuma ƙafar ta fara ɗaukarsa, amma hannun dama da harshe har yanzu shiru.

Yaya, abin da ya sa na rubuto maka shi ne maganar shafinmu na intanet, inda teloli ke yin odar kayan keken ɗinki. Ka san Baba ne da kansa ya ɗora shi a kan buɗaɗɗiyar manhajar nan ta kyauta, wadda mutum ke iya shiga cikinta ya gyara yadda ya ga dama. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, ita kaɗai ta rage masa. Kullum da safe nakan kai shi ƙuryar shago, gaban na'urar kwamfutarsa, ya yi ta latsawa da hannun hagu, fuskarsa a sake. Sai dai hannun na cin amanarsa, yana latsa inda bai yi niyya ba. Sau uku a watan nan shafin na rufewa. Jiya wani tsohon tela ya ce mini albarkacin Baba kawai yake zuwa, sauran sun koma wani shagon.

Wani kamfani ya ce mu dawo kan tasu manhajar, su riƙe komai, su gyara komai. Na tambayi ma'aikacinsu ko Baba zai iya leƙawa ciki ko da kaɗan ne. Ya ce a rufe take, ko shi bai taɓa ganin cikinta ba. In na bar ta Baba, shago zai mutu. In na ɗauki tasu, me zan tashe shi ya yi da safe? Wallahi na rasa yadda zan yi.

Ashe duk maganarmu a kunnensa. Da ma'aikacin ya fita, sai ya jawo takarda, ya daɗe yana fama da biro, sannan ya miƙo mini. Kalmar sirrin na'urar ce, wadda ko Inna bai taɓa gaya wa ba. Yau da safe na je ɗaukarsa zuwa shago, ya girgiza kai, ya juya fuskarsa bango.

Ka gaishe da Anti, da Gwaggo, da 'yan biyu. Don Allah kada ka ce mini duk wanda na zaɓa ya yi. Ka kira, ka zaɓa tare da ni, don takardar na cikin jakata, na kasa miƙa ta ga kamfanin, na kasa mayar masa.

Taka ƙanwa,
Auta