Akwatin Zaɓe Ya Zo wa Maƙwabciyata Har N'Djamena

Zuwa ga Mai Girma Ɗan Majalisar Tarayya mai wakiltar mazaɓarmu a Borno.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali. Sunana Hauwa, a Maiduguri aka haife ni, aure ya kawo ni unguwar Abena a N'Djamena, sana'ata ƙunshi. Sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin manya na koyi boko, don haka a yi haƙuri da rubutuna.

Na farko, abin da idona ya gani. Wata shekara maƙwabciyata Hajiya Rabi, mutuniyar Damagaram, ta zo in yi mata ƙunshi. Ta ce in bar mata yatsa ɗaya fari, kada lalle ya taɓa shi, domin gobe za a sa masa tawadar zaɓe. Na yi dariya, na ɗauka zolaya ce. Ina ita ina Nijar? Washegari ta ja ni muka hau kilando, wato ɗan acaɓa, har inda ofishin jakadancinsu ya shirya musu zaɓen. Ranka ya daɗe, wallahi ga abin da na tarar. Mahauta da dillalan shanu da tsofaffi masu sanda, mutanen da nake gani kullum a kasuwa, sun jeru tsit kamar sahun Idi. Wani tsoho da aka ce ya fito Hajji a ƙafa tun yana saurayi, tafiyar ta tsaya masa a nan, ya jefa takardarsa, ya dafa akwatin ya kasa tafiya. Ashe ƙasa tana iya biyo mutanenta? Ni ina bakin ƙofa riƙe da jakar Hajiya, ban san hawaye sun zubo mini ba.

Na biyu, abin da ke hana ni sukuni. Ɗana Bashir yana sayar da nama tare da mahaifinsa. Ya yi karatu a Maiduguri, can ya yi rajista. Ya rantse wannan karon sai ya yi zaɓe. Dokar ƙasarmu kuwa ta ce sai a gida. Ke nan zai tsallaka gada zuwa Kusiri, ya ratsa Kamaru, ya shiga ta Gamboru. Ka fi ni sanin wannan hanya da abin da ta ci. Kuma da yake ana rufe iyaka gab da zaɓe, dole ya tafi da wuri ya dawo a makare, ya bar matarsa da tsohon ciki.

Na uku, na roƙe shi ya haƙura. Ya tambaye ni wa ya zo gida yana ba da labarin akwatin Hajiya Rabi har murya tana rawa. Ni ce.

Ban san dalilan manya ba. Na ji ana cewa tsoron maguɗi ne. Amma ofishin jakadancinmu da yake gane fuskar Bashir ya ba shi fasfo, me zai hana ya gane ta ranar zaɓe?

Roƙona, ka tashi a majalisa ka nemi a gyara dokar, a kawo mana akwati inda muke. Idan ba zai yiwu kafin wannan zaɓe ba, ka faɗa mana gaskiya, kuma ka sa baki a tsare hanyar Gamboru a makon, domin yaron nan tafiya zai yi, ya riga ya yi magana da direba.

Allah Ya yi maka jagora, Ya tsare naka 'ya'yan a duk hanyar da suka bi.

Wassalam.

Hauwa maman Bashir,
Abena, N'Djamena.