Tafin da Kika Yi wa Kaka

Gutu, ranar chisi

Zuwa ga 'yata Chenesai,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga gwaggonki Hazvinei. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki da sauƙi a jiki, ke da mijinki Takawira da 'yar jikata Tinevimbo. Mu nan mun kwana lafiya in kun kwana lafiya. Ruwa ya sauka da wuri bana, masara ta kai gwiwa. Babanki yana nan da taurin kansa, ya ƙi rabuwa da tsohon bijimin nan mai karyayyen ƙaho, wai abokin hirarsa ne. Mamanki kuwa ta shiga mawaƙan coci, kunnuwanmu suna shan wahala amma ba mai iya faɗa mata. Na ba direban motar kaya markaɗen gyaɗa da busasshen ganye ya kawo miki tare da takardar nan. Na rubuto ne don kin daina ɗaukar wayata, kuma na san dalili. To, takarda dai ba a kashe ta.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci mamanki ta biyo ni gida, ta zauna ta faɗa mini komai. Ta ce likita a can Cape Town ya tabbatar miki ciwon da ke kumbura miki yatsu shi ne irin nawa, irin na Kaka, amosanin gaɓoɓi. Ta ce an ba ki magunguna, kin sha na 'yan makonni, sai kika tura wanda ake sha mako-mako bayan kabad, wai tashin zuciya kawai yake sa ki, ba ya tsinana komai. Wai ƙaramar farar ƙwayar nan kaɗai kike sha, ita ce ke ba ki damar yi wa mata kitso a shago. Haba, Chenesai! Hannun nan da shi kike ci, da shi kike ciyar da 'yarki, shi kike wasa da shi?

Bari in tuna miki abin da ƙila kin manta, don lokacin ko makaranta ba ki shiga ba. Ranar da surukai suka zo biyan dukiyar auren ƙanwata Shorai, ango ya durƙusa ya ajiye wa Kaka bargo a gabanta, sabo fil. Kin san ba a karɓar ko da ruwa a wurinmu sai an tafa hannu tukuna. Ɗaki ya yi tsit ana jiran tafin uwar amarya. Kaka kuwa hannunta yana ƙarƙashin zani, yatsun sun riga sun karkace duk sun nufi gefe guda, tafukan ba sa haɗuwa. Ta sunkuyar da kai ta yi godiya da baki. Da kunnena na ji wata daga dangin ango tana raɗa wa ta kusa da ita wai tsohuwar ta raina bargon ne, wai da ma an ce gidan nan akwai girman kai. Sai ga ki kin taso daga bayan mamanki, kika zauna jikin Kaka, kika dunƙule 'yan tafukanki kika tafa yadda manyan mata ke yi, ɓub ɓub ɓub. Kowa ya yi dariya, aka ci gaba da biki. Daga ranar Kaka ba ta ƙara kiranki Chenesai ba, sai Hannuna. In an kawo mata sadza, tuwon masararmu, sai ta ce a kira mata Hannunta, in baƙo ya zo haka. Mutane suna ganin abin sha'awa ne. Ni da nake yi mata wanka na san yadda abin yake cin ranta, ta sha faɗa mini gara a ce mata gurguwa da a ce mata marar tarbiyya. A zamaninta maganin nan bai iso mu ba, tsaga da shafe-shafe aka yi ta yi mata har Allah ya ɗauke ta.

Ni da ciwon ya zo kaina, na gane shi tun daga nesa. In na tashi da safe hannuna a sandare har rana ta ɗaga, ban iya ɗaura zani, ban iya tuƙa sadza. Likita a Masvingo ya ɗibi jinina, ya sa aka ɗauki hoton ƙirjina, ya tambaye ni ko ina shan giya, ko na gama haihuwa. Na ce masa ɗana, dubi furfurar kaina da kyau ka sake tambaya. Ya ba ni irin naki sak: farar ƙwayar da ake kira prednisolone, da ta mako-mako mai sunan da ke karya harshe, methotrexate, da wata ƙarama mai rage wahalar ta mako-makon. Nas ɗin da ta yi mini bayani, Sista Mhaka, mace ce mai baki kamar ni. Ta ce farar ƙwayar kamar yayyafa ruwa ne a tukunyar da ke bori, ta mako-makon ita ce ke zare itacen daga murhu. Ta ce farar ƙwayar aronta aka ba ni kafin ɗayar ta kama aiki, in na mayar da ita abokiyar zama fuskata za ta kumbura, ƙashina ya yi laushi, sukari ya hau, ciwon kuma yana can ƙasa yana cin gaɓoɓin ban sani ba. Wannan ita ce wadda kika riƙe, 'yata, kika yar da mai aikin.

Sista Mhaka ta kama kunnenta ta ce mini sau ɗaya a mako ake sha, ba kullum ba, wanda ya sha kullum zai iya rasa ransa. Ta ce in zaɓi ranar da ba zan manta ba. Yo wace rana ce ɗan Gutu ba zai manta ba in ba chisi ba, ranar da sarki ya hana a taɓa ƙasa da fartanya? Tamu Alhamis ce. Sai nake sha ran Laraba bayan na ci sadzan yamma, don kasalar da tashin zuciyar su faɗo ranar da ko da ma ba mai zuwa gona. Har yau haka nake yi. Matan unguwa suna tsokanata wai Hazvinei ta fi sarki kiyaye chisi, ina ce musu ato, ku sarki ne zai ci ku tara, ni yatsuna ne.

Ba zan yi miki ƙarya ba, farkon abin babu daɗi ko kaɗan. Ranar chisi nakan wuni a kan tabarma, ko ƙamshin miya ba na son ji. Bakina ya yi 'yan ƙuraje, in na taje kai sai in ga gashi a mataji. Hannun kuwa shiru, kamar ban sha komai ba. Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya kama. Babanki ya riƙa yi mini dariya wai ni kaɗai ce ya sani mai hawa mota har Masvingo ta karɓo ciwon ciki. Na ji haushi, na zage shi, na zagi ƙwayar, amma ran Laraba na haɗiye abata. An riga an gaya mini sai wajen wata biyu zuwa uku take nuna kanta, na ce ko da zagi zan jira ta. Ana cikin wata na uku, wata safiya na kwance igiyar akuya na kai ta bayan gida, sai a hanyar dawowa na tuna ai ni ba na iya kwance igiya da safe. Ranar maƙwabciyata ta kawo mini kofin maheu, kunun masarar nan, na tafa kafin in karɓa, tafin ya yi ƙara. Na yi kuka, ita kuma ta rasa me ta yi mini.

Amma ki dubi hannuna na hagu in kin zo. Yatsu biyu sun riga sun lanƙwashe kafin in fara magani, kuma haka suke har gobe. Maganin yana tsare abin da ya rage ne, ba ya dawo da wanda ciwo ya riga ya cinye. Shi ya sa na kasa barin maganar nan ta kwana. Naki har yanzu a miƙe suke.

Ga abin da nake so ki yi, kuma ba shawara nake ba ki ba, gwaggonki ce ke magana. Kada ki lalubo ƙwayar daga bayan kabad ki ci gaba da kanki, kada kuma ki yanke farar ƙwayar lokaci guda, ita a hankali likita ke janye ta. Ki koma asibitin ki faɗi gaskiya, ki ce kin daina kuma ga dalili. Ba za su cinye ki ba, sun saba jin haka. In tashin zuciyar ya fi ƙarfinki akwai na allura, akwai kuma wasu magungunan da za a gwada. Ki yi wa kanki chisi a can. Mamanki ta ce ran Litinin shagonku ba mutane, to ki sha ran Lahadi da yamma, Litinin ki kwanta, Takawira ya dafa, ba zai mutu ba. Ƙaramar ta ukun nan ki sha ta a ranar da aka ce miki, tana sauƙaƙa bakin da cikin sosai. Za su riƙa ɗibar jininki akai-akai da farko don su duba hanta da ƙarfin jini, daga baya su rage, kada ki ce shago ya cika ki ƙi zuwa. Giyar inabin garinku ki bar musu abarsu. Duk asibitin da kika shiga, ko don haƙori ne, ki fara faɗa musu abin da kike sha, don akwai magungunan da ba sa jituwa da shi. In zazzaɓi ya kama ki, ko tari da sarƙewar numfashi, ko baki ya ƙi cin abinci, ki tafi a ranar, kada ki jira ranar da aka rubuta miki.

Sai magana ta tsakanina da ke. Na san Takawira yana son a yi wa Tinevimbo ƙane. Maganin nan ba ya haɗuwa da ciki, yana ɓata jariri. Ki zaunar da shi ki faɗa masa, ku je wurin likita tare, in lokacin ya yi za a canza miki wani tun kafin ku nema. In ya yi gardama ki ba shi wayata, ni na karɓi gaisuwarsa ranar aurenku, na san yadda zan yi da shi.

Babanki da mamanki suna gaishe ku, gwaggonki Shorai ma haka, ta ce kitsonta yana jiranki. Ki gaishe mini da Takawira, ki rungume mini Tinevimbo. Mamanki ta nuna mini hotonta a waya, ta kai daidai tsawonki na ranar bargon nan, kuma an ce har ta iya tafi irin na manya. Na ji daɗi, ki ci gaba da koya mata. Amma ta yi tafinta ita kaɗai, Chenesai. Ba na son ranar da za a ajiye miki kyauta a gaba, ɗaki ya yi tsit, ki waiwaya kina neman 'yarki. Da Kirsimeti in kin iso, kada ki yi sallama da baki. Ki durƙusa a ƙofar kicin ɗina ki tafa, ina ciki zan ji, zan kuma amsa miki da nawa.

Taki har kullum,
Gwaggo Hazvinei