Na Ci Burodin Kirfa Uku, Na Ɗora wa Kocinmu Laifi

Ya ke Inga-Lill,

Don Allah ki taimake ni. Na yi abin da ko mijina na kasa faɗa wa, ga shi kwana tara kawai suka rage min.

Shekaruna arba'in da huɗu, ina zaune a wani ƙaramin gari a yankin Värmland, shekara shida ke nan ina gudu da ƙungiyar garinmu. Kocinmu Sixten ne, dattijo ɗan shekara saba'in da uku. Tun da matarsa ta rasu ɗakin ƙungiya ya zama gidansa. Shi ke buɗewa, shi ke ɗora kofi, shi ke tsayuwa a bakin daji da agogonsa ko da ƙanƙara ake zubawa. Dokarsa ɗaya ce: awa uku kafin tsere ba a sa komai a baki sai ruwa. In kuma kwiɓinka ya fara suka, ka damƙe dutse a hannu, yadda kakanninmu suke yi.

Watan jiya aka yi tseren karɓa-karɓa na gunduma, mu mata huɗu, ni ce ta ƙarshe. Da safe layin aiki ya faɗo kaina a rumfar da muke sayar da kofi, surukata kuma ta gaso burodin kirfa tire biyu. Ni kuwa in fargaba ta kama ni, bakina ba ya zama. Na zagaya bayan rumfa na ci ɗaya, na ce ai ɗaya ba komai. Kafin in ankara na cinye uku, na kora da lemo mai zaƙi, saura minti arba'in in karɓi sandar tsere. Babu wanda ya gan ni.

Majken, wadda ke gabana a layi, ta miƙo min sanda muna kan gaba, abin da ƙungiyarmu ta shekara goma sha ɗaya ba ta gani ba. Ban yi kilomita biyu ba na ji suka ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, numfashi ya gagara. Sixten yana tsaye a kwanar tafki. Da ya ga na karkace, ya duƙa da gwiwoyin nan nasa masu ciwo ya ɗauko dutse, ya biyo ni yana ɗingishi ya cusa min a hannu. Na damƙe har ya yi min shaida a tafin hannu, sukar ba ta sake ni ba. Mata biyar suka wuce ni ina jan ƙafa.

Da na iso, Majken ta tambaye ni ko na ci wani abu. Na kalli tsabar idonta na ce, "Ni? Tun kunun safe ko loma ban kai baki ba." Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma kunya ta sa bakina ya zarce. Na ce ɗumama jikin da Sixten yake sa mu yi kafin tsere na mutanen da ne, na ƙara da cewa, "Kowa ya zo da ƙwararre, mu an haɗa mu da tsakuwa." Aka kwashe da dariya. Ashe yana bayana, riƙe da rigar sanyina.

Kin san halinmu, ba mai ɗaga murya. Kwamiti ya zauna, aka sha kofi, kowa ya gyaɗa kai, aka amince a nemo matashin koci daga birnin Karlstad. Sixten da hannunsa ya ajiye makulli a kan tebur ya ce, yana nufin ni, "Da gaskiyarta, na tsufa, kada in sake ja muku." Ranar taron shekara, nan da kwana tara, za a sallame shi da furanni, kuma ni aka zaɓa in miƙa masa, wai don a nuna komai ya wuce.

Jiya muka haɗu a kanti, ya tambaye ni ya kwiɓin, har yana ba ni haƙuri. Na koma mota na zauna ina kuka, na tsani kaina. Ga shi tun ranar duk fitar da na yi sai sukar ta dawo ko cikina ba komai, har na fara cewa alhakinsa ne. Yaya zan yi da wannan ciwo? In kuma na faɗi gaskiya, da wane ido zan kalli Majken?

Mai Sandar Ƙarshe

*

Ya ke Mai Sandar Ƙarshe,

Mu fara da kwiɓin, shi ne mai sauƙi. Wannan suka har gwanaye tana kamawa. Likitoci ba su gama haɗa baki a kan asalinta ba, amma an san masu tsokano ta: cikakken ciki, abin sha mai zaƙi, da numfashi sama-sama. Ranar tsere kin haɗa biyun farko. Yanzu ina zargin na ukun, domin mai damuwa a rai ba ya jan numfashi har ciki. Ki bar awa biyu zuwa uku tsakanin abinci da gudu, ki riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, ki fara a hankali. In ta kama ki, rage gudu, danna wurin da yatsu, ki ɗan sunkuya, ki fitar da iska a hankali ta tsukakken baki. In kin huta ba ta tafi ba, ko ta haura ƙirji, ko ta zo da jiri, likita za ki nema ba ni ba. Dutse kuwa ba ya cutarwa, wasu yakan ɗauke musu hankali daga ciwon, iyakarsa ke nan.

Ɗayan kuma ba zan ce miki ba komai ba ne. Burodi uku kwaɗayi ne, kowa ya taɓa yi. Ƙaryar da aka yi cikin haki da kunya ma ana iya yi mata uzuri. Abin da ya fi nauyi shi ne makonnin da kika yi shiru kina kallo ana sauke mutum. Amma a yi miki adalci: kwamitin da zai canza koci a kan maganar wadda ta sha kaye minti biyar da suka wuce, da ma neman dalili yake. Mai yiwuwa ƙungiya na bukatar sabon jini, mai yiwuwa Sixten ma ya gaji. Suna da ikon yanke wannan, amma bisa gaskiya. Ba lallai ki iya mayar masa da aikinsa ba. Abin da ke hannunki shi ne dattijon nan ya daina zaton shi ya kayar da ku.

Ki je gidansa da ƙafarki kafin ki faɗa wa kowa, ban da waya. Ki faɗi abin yadda yake, kada ki rage ko loma, kuma kada ki yi kukan da zai sa ya koma yana lallashinki. Daga nan sai Majken, sannan ki rubuta wa kwamiti kafin ranar taro. Tunda a bainar jama'a kika sa aka yi masa dariya, a bainar jama'a za ki janye maganar. Majken za ta yi fushi, haƙƙinta ne. Za a yi ta tsokanarki da kirfa har ki yi furfura, wannan kuma ba ya kisa.

Ya zauna ko ya tafi, zaɓinsa ne, ki bar masa. Amma kada ki yarda rana ta sake fitowa dattijo yana neman gafararki a kan abin da ke kika ci.

Ina miki fatan ƙarfin hali, Allah Ya sa ki same shi a gida.

Inga-Lill