Murhu Babu Tukunya

Ruwais, Jidda, Shawwal 1384

Yaya Yahya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Barakatu da yara. Ni lafiya lau, zuciya ce ke tafasa. Abdulghani, ƙanin marigayi mijina, ya kawo takarda wai farfajiyar da nake tuƙa wa alhazai tuwo gadonsu ce, in tashi kafin jiragen ruwa su iso. Shi zai ciyar da alhazan! Mutumin da ko albasa bai iya yankawa ba. Zan kai shi gaban alƙali in tsige masa gemu.

Ƙanwarka,
Rahamatu

*

Wad Madani, Zulƙida 1384

Rahamatu,

Bayan gaisuwa. Takardarsa gaskiya ce, kin sani, alƙali ba zai ba ki ba. Ke da kika cinye littattafan Baba, kin manta yaƙin Borodino? Faransawa da Rashawa suka wuni suna ɓarin wuta da igwa da bindigogin toka, gawa kan gawa. Rashawa suka ja da baya, suka bar musu Mosko. Tuna abin da suka tarar a ciki: gari fayau, an kwashe komai, sai gobara.

Allah ya huci zuciyarki.
Yahya

*

Kurayyat, Muharram 1385

Yaya,

Ina gaisuwa. Kada ka koya mini tarihi, ni na karanta maka shi kana gyangyaɗi. Amma Allah ya saka maka da Aljanna, ka tuna mini a kan kari.

Na bar wa Abdulghani farfajiyar, na koma unguwar Kurayyat. Ban ƙona komai ba, ina tsoron Allah, amma na kwashe tukwane da muciya, kuka da daddawa, har gishiri. Masu daka suka biyo ni. Duwatsun murhu kawai ya gada. Na yi kuka a bakin ƙofar, ban ɓoye maka ba.

Ya ɗauko kuku, aka dafa shinkafa da wake. Mutanen da suka gaji da burodin jirgi suka leƙa tukunya, suka ce, "Alhaji, ina tuwo?" Ƙamshin daddawa ya kawo su Kurayyat, ayari ayari.

Jiya ya zo, hula a hannu: "Yaya Rahamatu, ya isa haka, ki dawo."

Taka,
Rahamatu

*

Rahamatu, gaisuwa. To, za ki koma?
Yahya

*

Yaya,

Na zuba masa tuwo, ya ci malmala biyu, ya yi santi. Murhun nasa ne, ya riƙe abinsa, ni ba inda za ni.

Na gode. A gaida Barakatu.
Rahamatu