Gurbin Yaya

Litinin, 3 ga Maris

An ɗauki wadda za ta gaji aikin Yaya. Yau ta fara. Mace ce da ta ɗan manyanta, da tabarau da kwanon abincinta a leda, tana gaida kowa har da mai goge-goge. Sun zaunar da ita a teburinsa na bakin taga. Ban shiga ba, daga ƙofa na leƙa na wuce.

Da rana Darakta ya aiko a buɗe mata asusu, a sa ta a shafin sashen ayyukan waje. Na ce to. Ni ce mai kula da shafukan cikin gida na ma'aikatar nan, inda kowane sashe ke ajiye fayilolinsa yana tattauna aikinsa. Ni nake buɗewa, ni nake rufewa. Abin da Darakta bai sani ba shi ne guraben da muka saya a manhajar sun cika. Ba a ba sabon mutum gurbi sai an rufe na wani. Wanda ya rage a rufe ɗaya ne tak, na Yaya, kuma tun da ya rasu a Nuwamba hannuna bai je kansa ba.

Talata, 4 ga Maris

Idan aka rufe asusun mutum, abin da ya rubuta ba ya ɓacewa. Shi ne yake ɓacewa. Hotonsa ya koma da'ira mai toka-toka, sunansa kuma ko'ina ya zama "Tsohon ma'aikaci". Na yi wa mutane da yawa haka ina shan shayi, ban taɓa jin komai ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Ranar horon da nake yi wa ma'aikata duk wata. Na jera kujeru, na kunna majigi. Mutum ɗaya ya zo, matar da ta gaji Yaya, Sabuwa nake ce mata, wadda ko asusu ba ta da shi.

Haka na tsaya na yi mata karatun kamar ɗakin cike yake. Kowane shafi ya zama da masu shi biyu, don in ɗaya ba ya nan ɗayan ya riƙe. Kada a ba mutum izini shi kaɗai, a ba rukuni, sai a sa shi a cikin rukunin. Fayil ɗaya, wuri ɗaya, a daina kwafa ana aika wa juna ta waya har a rasa wanne ne na gaskiya. A sa kwanan wata a sunan fayil. Wanda ya bar aiki, a rufe asusunsa a ranar, ba gobe ba.

Da na zo kan wannan na ƙarshen sai tari ya sarƙe ni. Ta miƙo mini ruwanta.

Ta ce, "Ni yaushe za a buɗe mini, 'yar'uwa?"

Na ce ana kai.

Juma'a, 7 ga Maris

Saboda dokokin nan Yaya ya raɗa mini Kwamanda, har sunan ya bi ni gida. Shi kuwa babu wadda bai taka ba. Shafin sashensu kamar ɗakin gwauro. Akwai "rahoto na ƙarshe", akwai "rahoto na ƙarshe gyararre", akwai "rahoto na ƙarshe wallahi". Kuma shi kaɗai ne mai shafin. Na yi ta binsa ya ƙara mutum na biyu, har a gaban Mama na yi masa ƙorafi muna cin abinci. Ya ce, "Haba Kwamanda, ina zan je?"

Litinin, 10 ga Maris

Na je wurin Akanta na ce a saya mana ƙarin gurbi ɗaya. Ko kai bai ɗago ba. Wai sai sabon kasafi. Na bi asusun ma'aikata kaf ina neman wanda ba ya amfani da nasa. Har direba yana shiga ya duba jadawalin tafiya. Yau da nake roƙon Allah in samu malalaci, kowa ya zama mai himma.

Laraba, 12 ga Maris

Na kama Sabuwa a cikin shafin da kalmar sirrin wani abokin aikinta. Na yi faɗa, faɗa na gaske, har mutane suka leƙo. Na ce in an goge wani abu wa za a tuhuma? Na ce kalmar sirri ba cokali ba ce da za a ara wa maƙwabci. Duk gaskiya na faɗa. Ta tsaya tana ba ni haƙuri, mace da ta girme ni, hannunta a kan teburin Yaya.

Na dawo ofis na rufe ƙofa. Kunya kamar in nutse.

Lahadi, 16 ga Maris

Gidan Mama. Bayan mun ci abinci ta gyara zama ta ce, "Nuna mini shi." Wannan ya zama mana al'ada tun rasuwar. In buɗe shafin a wayata in miƙa mata. Ba ta iya karatu ba, amma ta iya tura allon sama da yatsa, kuma a gefen kowane saƙo ga ɗan hotonsa yana murmushin nan nasa na mara jin magana. Ta yi ta turawa, yana fitowa, yana fitowa, har ta kai ƙarshe. Sai in karanta mata na ƙarshen, wanda ya rubuto mini: "Kwamanda, na san zan sha faɗa, na sake ajiye fayil inda bai dace ba. Gobe zan gyara."

Ta ce, "Sake karantawa." Na sake.

Ta ce, "Gida dai an raba kayansa, ɗakinsa ma an ba wani haya. Amma ku a wurin aikinku kun bar shi yana nan. Allah ya yi muku albarka."

Ban ce amin ba. Na tashi na kwashe kwanuka.

Talata, 18 ga Maris

Taron shugabannin sashe. Darakta ya tambayi Sabuwa rahoton wata uku na ayyukan waje. Ta ce ba ta samu shiga fayilolin ba tukuna. Ya ce shi ba ya son uzuri, tana cikin watannin gwaji, in ƙarshen wata ya zo babu rahoto za a sake duba maganarta. Ina zaune kujera biyu tsakanina da ita. Ba ta ambaci sunana ba, ba ta ma kalle ni ba.

Na so ta kalle ni. Da ta tona ni a gaban kowa, da na samu wanda zan ji haushi.

Laraba, 19 ga Maris

Ban yi komai ba yau. Na buɗe, na duba, na rufe.

Alhamis, 20 ga Maris

A matakala na ji Sabuwa tana waya ƙasa-ƙasa. "Ka dai ci gaba da shan maganin... a'a, kada ka gaya wa yara... in suka sallame ni ban san inda za mu nufa ba." Na koma da baya a hankali don kada ta gan ni.

Bayan la'asar ta zo ofishina da kanta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"'Yar'uwa, an gaya mini teburin na yayanki ne. Allah ya jiƙansa. Ban zo in takura miki ba. Ki dai faɗa mini gaskiya in san matsayina, na'ura ce ta ƙi, ko ni ce ba a so?"

Na ce na'ura ce.

Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau. Ta ce, "To, Allah ya ba na'urar lafiya." Ta tafi.

Juma'a, 21 ga Maris

Na ɗauki hoton allon, saƙonsa na ƙarshe da fuskarsa a gefe. Na san dokata ta hana fitar da abin shafi zuwa wayar mutum. Wa zai kama ni? Ni ce mai kamun.

Ba ɗaya ba ne dai. Na duba hoton na ga hoto ne kawai.

Litinin, 24 ga Maris

Na yi.

Na zo da wuri kafin ofis ya cika, na bi komai daki-daki yadda nake koyarwa. Na fara canja mai shafin, don in aka rufe asusun mai shi shafi ya zama maraya. Na sa mataimakin sashen. Na kwashe fayilolin da ke ma'ajiyar Yaya na mayar cikin ta sashe. Na duba ko akwai wani shafin da aka rataya a wuyansa, babu. Fayil ɗin da ya ce gobe zai gyara yana nan inda ya ajiye shi, cikin foldar takardun hutu. Na ɗauke na kai inda ya dace.

Sai allon ya tambaye ni ko na tabbata. Tambayar banza. Na danna.

Bai ɗauki lokaci ba. Ina kallo fuskokin suka dushe daga sama har ƙasa. Tsohon ma'aikaci ya ce a kawo motar da wuri. Tsohon ma'aikaci ya ce wa ya cinye masa biskit. Tsohon ma'aikaci ya san zai sha faɗa.

Na buɗe wa Sabuwa, na sa ta ta zama ta biyu a masu shafin. Yanzu masu shi biyu ne, yadda doka ta ce. Na aika mata kalmar sirri ta wucin gadi na ce ta canja da ta shiga. Ta rubuto, "Na gode, ƙanwata." Na shiga bayi na yi kuka har kaina ya yi ciwo, na wanke fuska, na je na gyara wa Akanta firinta.

Alhamis, 27 ga Maris

Sabuwa ta kai rahoton. An ce Darakta ya yaba. Ta gyara shafin tsaf, kowane fayil da kwanan watansa, kowanne a foldarsa. Na duba lungu-lungu ban samu abin yi wa faɗa ba.

Lahadi, 30 ga Maris

Gidan Mama. Ta ce, "Nuna mini shi." Na ɗauko waya, sai na tuna tun ranar Alhamis ban leƙa shafin ba. Aiki ne ya yi yawa, ƙarshen wata, ba wani abu ba.

Hoton allon na buɗe na miƙa mata. Ta ga fuskarsa ta yi murmushi. Ta sa yatsa ta tura sama yadda ta saba. Bai motsa ba. Ta goge yatsan a zani ta sake turawa.

"Yau ya ƙi tafiya."

Na ce sabis ne babu.

Ta riƙe wayar da hannu biyu tana kallonsa, shi ɗaya tilo. Can ta miƙo mini ta ce in karanta. Na karanta mata har zuwa "gobe zan gyara", kuma muryata ba ta yi rawa ba. Na jira ta ce in sake. Ba ta ce ba.